Zauren Iyali: Muzurun Goggo da Ciwon Sukari

Yau za mu ɗauko wata magana wadda wasu za su yi murmushi da jin ta, wato ciwon sukari a jikin kyanwa. Mu ma mun yi irin wannan murmushi ranar da aka fara gaya mana. Abin da ya biyo baya ne ya sa muka ga ya wajaba mu rubuta, domin da wuya a sami gida a zangunanmu da babu kyanwa a cikinsa, kuma da wuya a sami zuri'ar da ciwon sukari bai taɓa wani daga cikinta ba.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2024, cikin watan Afrilu, muka kama hanya daga Sokode zuwa Dapaong gaishe da goggonmu, muka bi ta Bafilo da Kara da Mango, muka isa da la'asar cikin zafin nan da mutanen arewa suka sani. Goggo tana da wani tsohon muzuru wanda ya haura shekara goma a gidan. Yara suna ce masa Sarkin Rumbu, saboda tun da ya girma ɓera bai ƙara ɓarna a ɗakin hatsi ba. Da can mun san shi jibgege, ya yi ƙiba har ba ya son hawa katanga. Wannan karon muka tarar da shi ya zube, ƙashin bayansa ya fito, gashinsa ya yi buzu-buzu, yana kwance a gindin randa.

Muka ce, "Goggo, Sarkin Rumbu ya tsufa."

Ta ce, "Ɗan nan, tsufa daban, wannan daban. Zo ka gani."

Ta ja mu bayan ɗaki inda muzurun yake yin fitsari, ta nuna mana tururuwa sun yi cincirindo a wurin. Ta ce, "Ciwona ne ya kama shi. Yadda yake shan ruwan nan haka na riƙa sha kafin a auna ni." Goggo ta yi shekaru tana fama da ciwon sukari, tana shan ƙwaya safe da yamma. Ba ta yi boko ba, amma abin da ta lura da shi tsoffin masu magani na ƙasar Indiya sun lura da shi tun ƙarnoni masu yawa: fitsarin mai wannan ciwo yana jawo tururuwa saboda zaƙin da ke cikinsa. Washegari aka kai muzurun wurin wani likitan dabbobi, wanda yawancin aikinsa shanu ne da tumaki da zabi. Ya auna jini da fitsari, ya tabbatar da maganar Goggo.

Ga yadda ciwon yake, a taƙaice. Abincin da aka ci yana narkewa ya zama sukari a cikin jini, kuma da wannan sukari jiki ke samun ƙarfi. Amma sukarin ba ya shiga naman jiki sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kusa da tumbi take samarwa. Idan insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini, naman jiki kuwa yana cikin yunwa. Idan ya taru ya wuce ƙima sai ƙoda ta fara zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Daga nan alamomi huɗu na farko suke fitowa: yawan fitsari, yawan ƙishirwa, yawan ci, da rama duk da yawan cin. Ciwon da ya fi kama kyanwa ya yi kama da wanda ya fi kama manyanmu, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu. Ya fi samun wadda ta yi ƙiba, wadda shekaru suka ja, wadda ba ta motsa jiki, kuma ya fi samun muzuru a kan mace. Binciken da aka yi a asibitocin dabbobi na Ingila ya nuna kusan kyanwa 1 cikin 200 tana da shi.

Mai gida zai iya gane farkon abin da idonsa. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana buƙatar ruwa kimanin mililita 200 a yini, har da wanda take samu a cikin abinci, wato bai kai rabin ledar ruwan nan da ake sayarwa a tasha ba. Idan aka ga tana shanye kwano tana komawa bakin randa ko magudanar wanka, kuma ba don zafin bazara kaɗai ba, to a sa mata ido. Akwai kuma wata alama a tafiyarta. Lafiyayyar kyanwa a kan yatsu take takawa. Wadda sukari ya daɗe yana cin jijiyoyinta sai ta riƙa shimfiɗa ƙafafun baya a ƙasa kamar zomo, ta kasa tsalle zuwa inda ta saba hawa. Sai dai kada mu yanke hukunci a gida, domin ciwon ƙoda ma yana kawo ƙishirwa da rama, tsutsar ciki ma tana ramar da dabba. Awo ne ke rarrabewa. Ko awon ma yana da sharaɗi: tsoro kaɗai yana iya ɗaga sukarin kyanwa na ɗan lokaci idan an ɗaure ta an kai ta baƙon wuri, shi ya sa likita yake haɗawa da awon fitsari, ko ya maimaita awon a wata rana.

Likitan ya rubuta wa Sarkin Rumbu allurar insulin sau biyu a yini, ya nuna wa jikar Goggo, yarinya 'yar sakandare, yadda ake ɗaga fata a yi allurar a ƙarƙashinta. Ɗan Goggo da ke aiki a Lome ya ɗauki nauyin kuɗin. Muka koma Sokode muna ganin magana ta ƙare.

Bayan mako uku aka kira mu da hantsi, muna jin kukan yara a wayar. Muzurun ya ƙi cin abincin safe, amma an yi masa allura kamar kullum saboda an ce kada a tsallake. Bayan 'yan sa'o'i ya fara tangaɗi kamar mai maye, jikinsa na rawa, idonsa ya kafe, ya faɗi. Allah ya sa Goggo ta san wannan hali a jikinta, domin ta taɓa shan ƙwayarta ba ta ci komai ba, ta ga duhu. Ta sa aka kawo zuma, aka shafa masa a dasashi da bayan cokali. Cikin 'yan mintoci ya ɗaga kai. Aka ba shi ɗan kifi, aka ɗauke shi a babur zuwa wurin likita, ya rage masa yawan allurar.

Wannan rana ce ta koya mana abin da muke so kowane mai karatu ya riƙe. Dabbar da ke da ciwon sukari tana tsakanin ramuka biyu ne, hawan sukari da faɗuwarsa, kuma maganin ɗaya shi ne gubar ɗaya. Kyanwa ba ta da bakin da za ta ce jiri take ji ko ƙishirwa. Ɗabi'arta ma ɓoye ciwo ce, sai ya ci ƙarfinta ake gani. Saboda haka mutanen gida su ne bakinta, kuma dole su san bambancin ramukan nan biyu.

Rami na farko shi ne faɗuwar sukari. Yana samun wadda ake yi wa allura, idan allurar ta yi yawa, ko an yi sau biyu bisa kuskure, ko an yi mata ba ta ci abinci ba, ko ta ci ta amayar. Yana zuwa da sauri, cikin sa'o'in da ke bayan allura. Alamominsa kasala ta farat ɗaya, rawar jiki, tangaɗi, ruɗewa, wani lokaci kuka marar dalili, daga nan farfaɗiya da suma. Idan tana iya ci, a ba ta abinci nan take. Idan ba ta iya ci, a shafa mata zuma ko ruwan sukari mai kauri a dasashi. Kada a ɗura mata ruwa a baki tana sume, domin zai iya bi ta hanyar numfashi. Kada a ƙara wata allura sai an ga likita, ko da ta farfaɗo ta koma wasa, domin insulin ɗin yana nan yana aiki a jikinta kuma sukarin zai iya sake faɗuwa.

Rami na biyu shi ne hawan sukari har jini ya gurɓace. Idan jiki ya daɗe bai sami insulin ba, sai ya koma ƙona kitse don ya rayu, ƙonawar kuma tana barin wata guba da likitoci ke kira keton, wadda ke sa jini ya yi tsami. Wannan yana zuwa a hankali, cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki. Kyanwar da ta saba ci kamar ba gobe sai ta ƙi abinci, ta yi amai, ta lafe a lungu, idonta ya faɗa, numfashinta ya canza, wani lokaci bakinta ya yi wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen ɗan itace. Idan aka ja fatar wuyanta aka saki, ba ta komawa da wuri saboda ruwan jikinta ya ƙare. Wannan ba shi da magani a gida. Sai ƙarin ruwa da insulin a hannun likita, kuma jinkirin kwana ɗaya yana iya zama ajali. Ƙa'idar da za mu riƙe ita ce: kyanwa mai ciwon sukari da ta ƙi abinci yini guda, ko take amai, a kai ta a ranar.

Idan mutum ya ruɗe bai san wane rami ba ne, kuma dabbar tana kan allura ta faɗi, shafa ɗan zuma a dasashi a kan hanyar zuwa wurin likita ya fi ƙara allura aminci nesa ba kusa ba. Ɗan zuma ba zai kashe wadda sukarinta ya hau ba, amma allura tana iya kashe wadda nata ya faɗi.

A nan akwai gargaɗi da ya shafi lafiyarmu mu kanmu. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasashenmu, kuma kyanwa tana kamuwa da shi. Shi ma yana kawo tangaɗi da dalalar miyau da canjin hali. Don haka kada a sa yatsa a bakin dabbar da ke shure-shure, kada kuma a bar yara su rungume ta. Kyanwar da ba a san ta ba, idan aka gan ta cikin wannan hali, a nisance ta. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin wannan ciwo idan alamominsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

Sai kuma kurakuran da tausayi ke jefa mu a ciki. Na farko, ba dabba maganin mutum. Goggo da kanta ta yi niyyar gutsura wa muzurun ƙwayarta, likita ya hana. Mafi hatsari a cikin magungunan da ke kowane gida shi ne farasitamol: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Na biyu, rikita sirinji. Insulin ɗin mutane yawanci yana da awo 100 a kowace mililita, wani na dabbobi kuma 40. Wanda ya zuƙi na mutane da sirinjin na dabbobi ya ninka maganin sau biyu da rabi bai sani ba. A tambayi likita ko mai kantin magani a tabbatar kwalba da sirinji sun dace. Na uku, rashin sanin wanda ya yi allura. A gidan da ke da mutane da yawa, uwa ta yi, 'ya ta zo ta sake yi. Tun daga ranar faɗuwar nan jikar Goggo ta ware wani littafi na makaranta, tana rubuta lokacin allura, da abin da ya ci, da ruwan da ya sha, kuma mutum ɗaya ne ke taɓa sirinji. Ta koyi ajiye masa abinci tukuna, sai ya ci ake yin allura. Idan bai ci ba a kira likita kafin a yi komai.

Ajiyar maganin ma abin lura ce a wurin da zafi ke kai inda yake kaiwa a Dapaong cikin Maris da Afrilu. Insulin ba ya son zafi, ba ya son rana, kuma idan ya daskare ya lalace. Wurinsa cikin firiji, nesa da ɓangaren ƙanƙara. Inda babu firiji ko wuta ba ta tsayawa, masu ciwon sukari a ƙasashe masu zafi sun daɗe suna amfani da tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi. Wani malami daga Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya shahara da yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa. Ba ta kai firiji sanyi ba, amma ta fi taga ko aljihun riga.

Game da abinci, kyanwa maciyar nama ce tun asalin halittarta, jikinta bai dace da yawan hatsi ba. Masana sun gano a 2005 cewa harshenta ma ba ya jin ɗanɗanon zaƙi. Mu kuwa abin da ya rage a kwano muke zuba mata: tuwo, shinkafa, sakwarar doya, koko mai sukari. Ga wadda ke da wannan ciwo, a rage waɗannan, a ƙara mata dafaffen kifi da nama da ƙwai gwargwadon hali, ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. A sanar da likita kafin a canza abincin, saboda idan hatsi ya ragu buƙatar insulin ma tana raguwa. Kada kuma a hana mai ƙiba abinci don ta rame da wuri, yunwar kwanaki tana jawo mata ciwon hanta. Ruwa kuwa kada ya yanke a kwanonta dare da rana. Akwai albishir a nan: wasu kyanwoyin, idan aka kama ciwon da wuri aka gyara abinci, sukan kai lokacin da ba sa buƙatar allura. Amma likita ne zai faɗi haka bayan awo.

Mun san wani zai ce, a garin da mutum ke rasa kuɗin insulin ɗin kansa, ina zancen na kyanwa? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarmu a fili take: mutum ne gaba. Bai halatta a taɓa maganin tsohuwa ko kuɗin makarantar yaro saboda dabba ba. Amma rashin kuɗin allura bai sauke mana sauran haƙƙinta ba. Dabbar da ta shekara goma tana tsare mana hatsi tana da haƙƙin ruwa da inuwa da abincin da ya dace, da kuma a kai ta a ji shawarar mai sani. Abin da muke gani wani lokaci, a sa maras lafiya a buhu a kai ta bayan gari a yar, ba halin gidan Musulmi ba ne. Kowa ya san sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, aka ce masa Abu Huraira, kuma tun muna makarantar allo muka ji gargaɗin da ya zo a kan wadda ta tsare kyanwa ta hana ta ci.

Akwai ma bashin da masu ciwon sukari na duniya ke ɗauke da shi na dabbobi. A 1921, a birnin Toronto na Kanada, Frederick Banting da Charles Best a jikin karnuka suka gwada sinadarin nan har suka tabbatar yana saukar da sukari. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro allurarsa, ya tashi daga bakin mutuwa. Shekaru da dama bayan haka daga jikin dabbobin yanka ake tatsar insulin ɗin da mutane ke amfani da shi. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce aka mayar ranar ciwon sukari ta duniya. Idan yau ɗigo kaɗan na wannan magani ya koma jikin dabba, ba abin dariya ba ne.

Sarkin Rumbu ya yi kusan shekara guda bayan wannan, ya ɗan murmure, ya koma kwanciyarsa a ƙofar ɗakin hatsi, sannan ya mutu cikin dare. Amma kafin nan ya yi wa gidan wani aiki da ya fi kamun ɓera. Ganin yadda alamomin suka bayyana ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, Goggo ta tara manyan gidan ta ce kowa ya je a auna shi, har mu da muke zuwa baƙunta. Aka yi ta ja da baya, kowa na cewa lafiyarsa lau. Ta dage. A cikin waɗanda aka auna aka sami wani ƙanenmu direba, mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya daɗe yana tashi fitsari sau da yawa cikin dare yana ɗora laifin a kan shayi. Sukarinsa kafin karyawa ya wuce giram 1.26 a lita, wanda shi ne iyakar da likitoci suka sa, kuma awo na biyu ya tabbatar. Yanzu yana kan magani, yana kan hanya da motarsa tsakanin Dapaong da Lome.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya karanta alamomin da muka lissafa, yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama ba dalili, kasala, ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa, ya ji sun yi kama da nasa ko na mahaifiyarsa, to kada ya jira fitowa ta gaba. Awon ɗigon jini ne a yatsa, ana zuwa da safe kafin a ci komai. Wanda kuma yake da kyanwa a gida, ya dubi kwanon ruwanta yau da dare, ya dubi tafiyarta gobe da safe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa iyayenmu nisan kwana, ya sa mu sauke haƙƙin duk abin da aka ba mu kiwo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.